Ba Kowane Tururi Ke Kawo Wuta Ba

Hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce a Inugu na yi shi, wurin wani kawuna da ya kusa shekara talatin yana fataucin shanu tsakanin Arewa da Kurmi. Duk ɗalibin da ke da ɗan'uwa a can ya san yadda zaman yake. Da an idar da sallar isha'i sai a baza tabarmi a ƙofar masallaci, mai shayi ya kafa teburinsa, a yi ta hira cikin rurin janareto, mutum sai ya ɗaga murya kamar mai tallar magani kafin na kusa da shi ya ji. To, a irin wannan zama ne wani matashi, ɗan kamasho a kara, ya zaro wayarsa ya nuna wa dattawa bidiyon wani inji. Ana hura masa wuta da itace, ruwa ya tafasa, tururi ya juya wata farfela, sai ga ƙwan lantarki ya kama. Ya ce tunda 'yan kasuwarmu suna da ɗan abin da suka tara a asusu, me zai hana a sayo irinsa a kafa a unguwa, kowa ya huta da sayen mai? Nan take majalisa ta ɗau zafi, wasu har sun fara lissafin inda za a ajiye shi.

Sai Kawu ya waiwayo ya ce, "Kai ɗan jami'a, me ka gani?"

Na ce, "Kawu, ai ni Hausa nake karantawa, ba aikin injiniya ba."

Ya ce, "To, da ma ai da Hausar muke so ka gaya mana."

Aka yi mini dariya, na yi shiru, domin kuwa a daren ban da amsa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda kuɗin da ake magana a kai gumin mutane ne, wasu ma sun kwana a bayan tirela daga Potiskum zuwa Anaca kafin su same shi. Da na dawo makaranta na yi ta tambaya da karance-karance, kuma abin da na tsaya a kai shi ne wannan: ƙaramin injin tururi yana biyan kuɗinsa, har ya yi riba mai kauri, amma a wuri ɗaya tak, wato a masana'antar da tun farko take dafa tururi don aikinta. Duk wanda ya sayo shi don ya haska unguwa kawai, to ya sayi rigar da ta fi wuyansa.

Bari mu fara da injin kansa, don kada mu yi ta gardama a kan abin da ba mu gani ba. Mai karatu ya san madambaci. Ruwa na tafasa a tukunyar ƙasa, tururi ya bi ta huda ya dafa dambun da ke sama. Da za a toshe hudojin nan a ci gaba da iza wuta, tururin zai taru ya matsu, ƙarfinsa ya yi ta hauhawa. Babbar tukunyar ƙarfe da masana'antu ke amfani da ita, wadda ma'aikata ke kira boila, aikinta ke nan. Idan aka buɗe wa wannan matsattsen tururi ƙaramar kafa, sai ya fito da gudu ya daki fukafukan wata farfela da ke cikin kwanso, farfelar ta juya sandar janareto, wuta ta samu. Ni dai farfelar tururi nake kiranta, wanda ya ga suna mafi dacewa sai ya kawo a fitowa ta gaba. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Parsons, shi ya ƙera ta farko mai amfani a 1884, kuma kilowat 7.5 kacal take bayarwa, abin da bai fi janareton wani babban shago a kasuwar Ogbete ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafin da ruwa ke sha kafin ya zama tururi. Wutar da za ka ƙona don ka mayar da tafasasshen ruwa tururi ta ninka wadda za ka ƙona don ka tafasa shi fiye da sau biyar. Wannan zafi mai yawa yana nan ɓoye a cikin tururin, kuma farfela ba ta iya tatsar mafi yawansa. Abin da take ci shi ne bambancin matsi tsakanin inda tururi ya shiga da inda ya fita. Idan ya fito, yana nan da zafinsa. Saboda haka tambayar da duk tattalin arzikin wannan al'amari ya rataya a kanta ita ce: wa zai yi amfani da tururin bayan ya fito daga farfela? In babu kowa, an zubar da mafi yawan kuɗin makamashi a iska ko a kogi. Manyan tashoshin wuta masu ƙona kwal, da duk ƙwarewarsu, abin da suke mayarwa lantarki bai cika wuce kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na zafin da suka ƙona ba. Ƙaramar farfela kuwa in ta samu kashi 10 ta yi ƙoƙari, irin ta bidiyon abokinmu ma ba za ta kai nan ba. Itacen da za a ƙona a kunna fankoki da ƙwayayen unguwa guda, da shi aka dafa abincin unguwar da ya fi.

Yanzu a juya hoton. A ɗauki masana'antar da ke buƙatar tururi ko da wuta ko babu. Matatsar manja sai ta turara nonnan kwakwa kafin ta matse su. Kamfanin shinkafa sai ya yi gumi ya busar. Masu sabulu, masu lemon kwalba, masu rini a masaƙa, masu takin zamani, duk haka. Tukunyarsu kan dafa tururi mai matsi sosai, alhali aikin nasu mai sassauƙan matsi yake so, don haka sai a sa wani bawul a hanya ya rage masa ƙarfi. Wannan bawul ba ya samar da komai, kamar mutum ne ya tare ruwan da ke gangarowa daga kan dutse da tafin hannu don kada ya fantsama. Idan aka cire shi aka sa farfela a gurbinsa, tururi zai sauka zuwa matsin da ake so, ya je ya yi aikin da aka dafa shi dominsa, a hanya kuma ya bar wutar lantarki. Ƙarin makamashin da za a ƙona kaɗan ne. An jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan, kuma a nan ne kaɗai maganar "wutar banza" take da ƙamshin gaskiya.

Mu yi ɗan lissafi irin na 'yan kasuwa, tunda su ne suka yi tambayar. Alal misali, a ce ga masana'anta mai dafa tan 10 na tururi a kowace awa, tana sauko da shi daga matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 20 zuwa mai ninki 3 ko 4. Farfela mai sauƙin ƙira kan ci kamar kilo 25 na tururi kafin ta ba da kilowat ɗaya na tsawon awa guda, abin da mai mita ke kira yunit. Ke nan tan 10 zai ba da kilowat wajen 400. In masana'antar na aiki awa 6,000 a shekara, an samu yunit miliyan 2.4. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauta. Ko da a kan naira 200 muka yi lissafi, wutar nan ta kai naira miliyan 480 a shekara. Da man dizal za a samar da ita kuwa, abin ya fi haka nesa, domin lita ɗaya ba ta cika ba da fiye da yunit 3 zuwa 3 da rabi ba, ga shi litar ta haura naira 1,000 a 2024. Man kaɗai ya kai yunit sama da naira 300, ba a zo maganar baƙin mai da makaniki ba.

To, amma a sake wannan lissafi ga masana'antar da ke aiki awa 2,000 kawai a shekara, saboda kaka ta wuce ko kaya sun yanke. Abin da za ta samu ya koma kashi ɗaya cikin uku, kuɗin inji kuwa bai ragu da ko kwabo ba. Wannan shi ne bambancin farfela da janareto wanda mutanenmu ba su saba da shi ba. Janareto araha ne a saye, tsada a riƙe. Farfela tsada ce a saye, araha a riƙe. In ka kashe janareto ya daina cin kuɗinka, ita kuwa ko tana kwance bashinta na tafiya. Kuma daga waje ake shigo da ita, daga Indiya ko Malesiya ko Jamus ko Sin, da dala. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024, a ƙarshen shekarar kuma Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari. A irin wannan yanayi, injin da ba zai mayar da kuɗinsa cikin shekara biyu ko uku ba, banki ne zai ci gajiyarsa. Ga wanda ke gudun bashi mai ruwa don addininsa, kamar yawancin iyayenmu, nauyin ya koma kan tsabar jarinsa, jarin da in ya zuba a shanu zai juya sau da dama kafin shekara ta zagayo.

Abin da ya ba ni mamaki da na shiga bincike shi ne, ashe wannan yanki da muke zaune a ci-rani ya daɗe da sanin tururi. A 1909 aka gano kwal a tuddan Udi, kuma don a fitar da shi zuwa teku ne aka kafa Fatakwal aka shimfiɗa dogon da ya haɗa ta da Inugu a 1916. Garuruwan biyu 'ya'yan kwal ne, kwal ɗin kuma tururi aka fi dafawa da shi, a jiragen ƙasa da na ruwa da tashoshin wuta. Mutanenmu sun bi dogon nan da shanunsu tun da wuri, har ta kai a shekarun 1950 wani mai fataucin shanu ɗan Sifawa ta ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko. A 1956 aka buɗe tashar wuta ta Oji River mai ƙona kwal, wadda ƙarfinta ya kai megawat 30, tana shan ruwa daga kogin Oji. Duk wanda ya sauke shanu a karar Ugwuoba, a kan hanyar Inugu zuwa Anaca, cikin ƙaramar hukumar Oji ɗin yake tsaye. Yau tashar ta daɗe da yin shiru, ma'adinan da ke ciyar da ita sun rufe. Farfela ba ta da amfani ranar da abin ƙonawa ya yanke, kuma in hakan ta faru da tashar gwamnati, ina ga ta asusun 'yan kara?

Ta ɗaya gefen kuma akwai misalan da ke nuna ribar kama zafin da zai tafi a banza. A Afam, cikin ƙaramar hukumar Oyigbo inda Hausawa ke da yawa a bakin Fatakwal, tashar Afam ta shida da kamfanin Shell ya gina tana da injina uku masu ƙona iskar gas. Maimakon a saki hucin da ke fita daga bututunsu, sai aka sa shi ya dafa ruwa, tururin ya juya farfela ta huɗu. Cikin megawat 650 na tashar, wajen 200 daga wannan huci suke, ba tare da an ƙara ƙona komai ba. Tashar Okpai da kamfanin Agip ya buɗe a 2005 a tsallaken Kwara, wadda layinta ke sauka a Obosi kusa da Anaca, ita ma tsarinta ke nan. Waɗannan manya ne, na sani, amma dabarar ɗaya ce da ta ƙaramar masana'anta.

Inda ƙaramar farfela ta fi zama daram a Kurmi shi ne matatsar manja. Bayan an matse kwakwa, zarenta da ɓawon ƙwararta kan rage tuli, su ne kuma ake zubawa a tukunya. Manyan matatsu a Malesiya da Indunusiya da wutar kansu suke aiki ta wannan hanya, haka ma manyan gonakin kwakwa na jihar Edo. Masu sukari su ma tuƙar rake suke ƙonawa, har tsibirin Morishas na sayar wa jama'a wutar da ta yi rara daga masana'antun sukarinsa. Sai shinkafa. Wanda ya taɓa zuwa sayen shinkafa Abakaliki ya ga tsaunukan ɓuntu da aka jibge a bayan injinan casa, mata na sheƙe su suna neman tsaba. Ɓuntu makamashi ne, gumi kuma tururi yake so, injin casa na son wuta. Abu uku sun haɗu a wuri ɗaya. Matsalar ita ce ɗaruruwan ƙananan injina ne kowa da tukunyarsa, ba wanda shi kaɗai zai iya cika cikin farfela. Sai an haɗa kai an yi tukunya guda, kuma duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiya ya san haɗa kan masu sana'a ɗaya ya fi haɗa inji wuya.

Ko a nan ma akwai ayar tambaya. Kwakwa ta fi zuba daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, sauran watanni matatsa na aiki rabi-rabi. Bugu da ƙari, shara takan daina zama shara da zarar an gane amfaninta. Ɓawon ƙwara yanzu haja ne, ana auna shi ana sayarwa har ana fitar da shi waje. Mai lissafin da ya rubuta sifiri a gurbin kuɗin makamashi ya yaudari kansa, domin abin da zai samu da ya sayar da ɓawon shi ne ainihin farashinsa.

Akwai kuma abubuwan da bidiyo ba ya nunawa. Tukunyar tururi ba ta shan kowane ruwa. Dubi farin dattin da ke kama cikin butar mai shayi, to shi ne ke liƙe wa bututun tukunya har ya toshe ko ya fashe, ya kuma ci fukafukan farfela, don haka sai an tace ruwan an sa masa magani kullum. A cikin garin Inugu ruwan ma kansa sayensa ake yi a tanka, shi ya sa masana'antu masu shan ruwa suka tattare a Mil Tara inda ƙasa ke da shi. Sannan tukunya mai matsi bam ce in aka yi mata sakaci. Dokar masana'antu ta wajabta a riƙa duba ta, kuma sai an ajiye ƙwararre yana gadinta dare da rana. A unguwanninmu da ɗakunan kwano ke manne da juna, yara na wasa a kowane lungu, wa zai yarda a kafa ta a bayan ɗakinsa? Ga hayaƙi. Mutanen Fatakwal da suka sha fama da kunkunniyar da ta riƙa sauka a kan rufi da tufafi tun daga ƙarshen 2016 ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan.

Wani zai ce, to ashe mu ba mu da rabo ke nan? Muna da shi, sai dai ba ta ƙofar da abokinmu ya nuna ba. Tururi ba ya tafiya nesa, yana hucewa a hanya, amma wuta tana bin waya. Masana'antar da ke da rarar wuta tana neman mai saye na kusa, mai biya a kan kari, mai bukata dare da rana. Mu kuwa ga mahauta da ke asarar nama, ga masu kayan gwari da tumatirinsu ke ruɓewa a bakin gadar Anaca bayan ya sha tafiyar kwana biyu, ga masu ƙanƙara da masu niƙa. Ɗakin sanyi shi ne irin abokin cinikin da mai farfela ke mafarki, saboda ba ya barci. A da doka ta ɗaure wannan ciniki, amma a 2023 aka gyara tsarin mulki aka kuma sa hannu a sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma jihar Inugu na cikin na farko da suka karɓi wannan iko a 2024. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da tashar Geometric ta Farfesa Barth Nnaji a Aba, wadda ke sayar wa yankinta wuta kai-tsaye, ko da yake ita da iskar gas take aiki, kuma ta ɗauki kimanin shekara 20 kafin ta tsaya da ƙafarta. Wannan tsawon lokaci ma abin lura ne ga mai gaggawa.

A ganina, in shugabannin kasuwanninmu na Fatakwal da Anaca da Inugu suna son su taɓa wannan harka, to su shiga a matsayin masu sayen wuta da baki ɗaya, ko masu hannun jari a kamfanin shinkafa ko matatsar manja da ta riga ta kafu, tunda da ma mu ne manyan masu ɗaukar manjan zuwa Arewa. Kafin a ba da ko sisi a tambayi mai masana'anta tan nawa na tururi yake dafawa, awa nawa yake aiki a shekara, kuma a ga littafinsa da ido. In ya fara kame-kame a kan awoyin, a naɗe tabarma. Fitilar masallaci da fanka da cajin waya kuwa, faifan sola da batir sun ishe su, ba ruwansu da itace ko mai gadi, kuma ana iya farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa.

Makon jiya na kira Kawu na zayyana masa duk wannan, har da lissafin awa 6,000 da awa 2,000. Ya saurara bai katse ni ba, ina jin kukan shanu a bayansa. Da na gama sai ya ce, "Wato dai kamar mota ce, in ba ta kan hanya ba ta kawo komai." Na ce, "Haka ne, Kawu." Ya ce in rubuto masa a takarda da manyan baƙaƙe, in aiko ta hannun direban da zai taso ranar Laraba, don za su zauna a kan maganar asusun bayan sallar Juma'a.